Makunni na Biyar

Ƙarar ta tashi da misalin ƙarfe tara na safiyar Laraba, a gidan Baba Masinja. Masu zama a bakin titi sun ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe, sai da suka leƙa suka ga ƙyauren kicin kwance a tsakar gida, hayaƙi yana fitowa daga inda ya baro. An fito da tsohon da ransa. Bai kai azahar ba.

Kafin rana ta karkata unguwa ta gama shari'arta. Ranar Litinin an ga mai gyaran murhun gas ya shiga gidan da jakarsa, an ga ya fito. Me kuma ya rage a tambaya?

Hanci ake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace wa mutane. Shekara ashirin da biyu yana bin sawun gas a gidaje. Idan an kira shi ba ya fara taɓa murhu, sai ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, domin gas nauyi gare shi, kwanciya yake yi kamar ruwa. Daga nan zai bi warin da rarrafe har ya dafa inda yake zuba. Mata na yi masa dariya, amma shi suke nema.

A wani gida suka same shi, hannunsa duk kumfar sabulu. Wanda ya fara shaƙe masa wuyan riga shi ne babban ɗan mamacin, ma'aikacin ofis da ake kira Injiniya saboda bai taɓa ganin rediyo ko fanka ya ƙyale ta ba tare da ya kwance ta ba. Hannunsa na dama naɗe yake da bandeji.

"Kai ka kashe mini uba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Sauran ba su yi magana ba, hannu kawai suka sa. Da motar 'yan sanda ba ta iso ba, da gawa biyu unguwar ta kwana da ita. Hanci ya shiga motar da haƙori ɗaya a tafin hannunsa.

* * *

Sajan da ya karɓi Hanci a ofishin 'yan sanda mutum ne mai furfura, mai jinkirin magana. Ya tura masa kofin ruwa ya jira ya kurkure baki.

"Faɗa mini abin da ka yi wa murhun nan. Kada ka yi mini yaren makanikai."

"Yallaɓai, murhu ne mai kai huɗu a sama, da oben na gasa abinci a ƙasa. Wutarsa ta koma rawaya, tana baƙanta tukwane. Na cire kawunan na wanke, na zure ƙofofin da gas ke fitowa. Tiyon ya tsattsage, na sa sabo, na matse shi da sababbin zobba. Duk wata mahaɗa na shafa mata kumfa, ko ɗaya ba ta yi ƙwai ba. Wuta ta dawo shuɗiya kafin in fita."

"To me ya fashe?"

"Shi nake so in gani. Oben ɗin ne kaɗai ban gama ba. Ƙarfen da ke ba da wuta a cikinsa ya ruɓe, ba ya kamawa. Na ce kada a taɓa shi sai na kawo sabo." Ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani baƙin abu a kan tebur. "Ga makunninsa. Na zare shi na tafi da shi. Huɗu na bari a jikin murhun, wannan ne na biyar."

Sajan ya jujjuya shi. "Da wa da wa suka ji ka faɗi haka?"

"Matar Injiniya. Shi ma yana tsaye a bakin ƙofa."

"Idan na kai ka gidan, za ka iya karanta abin da ya faru?"

"In ba a share ba."

"Ba a share ba. Na sa an tsare ƙofar." Sajan ya miƙe. "Amma ka sani, in ka karanta sunanka ne ya fito, da bakinka za ka faɗa mini."

* * *

Washegari da hantsi suka shiga gidan. Masu gaisuwar mutuwa suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Hanci ya yi sallama, babu wanda ya amsa.

Ya fara da tukunyar gas. Ba a cikin kicin take ba, tana waje a wani ɗan keji na ƙarfe a gindin taga, tiyon ne ya ratsa bango ya shiga ciki. Tun jiya wasu ke cewa mai sayar da gas ne ya cika ta fiye da ƙima, don haka Sajan ya sa an kira shi. Ya zo yana gumi yana rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

Hanci ya ɗaga tukunyar ya ji nauyinta, ya shafa wa kanta kumfa, ya jira. Shiru.

"Ku sallame shi," ya ce. "Tukunyarsa lafiya lau." Ya juya ga mai gas ɗin. "Yaushe ka cika ta?"

"Lahadi da yamma."

"Sauƙin da ta yi ya fi ƙarfin girkin kwana uku. Gas ya zuba da yawa, kuma a ciki ya zuba."

Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, taga ɗaya. Komai ya yi baƙi. Butar shayi tana kife a ƙasa, kusa da ita kwalin ashana da ya ƙone rabi, da takalmi ƙafa ɗaya. Hanci ya kau da kai daga takalmin. Ya san tsohon. Ranar Litinin ma sai da tsohon ya ja kujera ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin zamanin da yake raba wasiƙu a kan keke, yana cewa shi da Hanci sana'arsu ɗaya, shiga gidan mutane a ga abin da bai kamata a gani ba.

Ya durƙusa ya bi tiyon taƙi-taƙi. Zobbansa suna nan daram yadda ya matse su. Makunnai huɗu sun narke, amma duk a rufe suke. Zuciyarsa ta ɗan sauka. Sai ya kai fitila kan sandar tagulla da ya bari tsirara, inda makunni na biyar yake a da.

Ya ƙara kai fuskarsa kusa da sandar.

"Me ka gani?" in ji Sajan.

"A rufe take."

"Ashe ba nan ba ne."

"Nan ne, Yallaɓai. Matso ka duba." Ya haska. "Hayaƙi ya shafe komai a ɗakin nan, har cikin cokali. Amma dubi wannan sandar. Ka ga sawun haƙoran filaya, suna ƙyalli? A kan baƙin suka hau. Ka ga kuma wannan siririn zoben fari a gindinta? Waya ce aka ɗaure a wurin, ita ta tare hayaƙin."

"Waya ta mece ce?"

"Oben yana da mai gadi. Ko ka murɗa, gas ba ya fita sai ka danna ka riƙe, har wuta ta kama. In ka saki babu wuta, ya yanke. Wani ya danna sandar ya ɗaure ta da waya don kada ta dawo, ya buɗe ta da filaya. Gas ya cika oben, ya malalo ƙasa, ƙofa da taga a rufe. Baba ya shigo ya ƙyasta ashana. Bayan wutar kuma, wani ya shigo ya cire wayar, ya rufe sandar."

Sajan ya dubi ƙofa. "Kada ka faɗa wa kowa abin da ka gani."

Amma ɗan sandan da ke gadi ya ji kalmar filaya, kuma bakinsa ba shi da murfi. Kafin su fito tsakar gida maganar ta kai ƙofar gida ta dawo da suna a jikinta.

* * *

Sunan Tela ne. Shi ke haya a ɗakin da ke kusa da zaure, a nan yake kwana, a nan yake ɗinki. Kowa ya san makon jiya sun yi cacar baki da Baba a kan ƙarar keken ɗinki, har tsohon ya ce ya nemi wani wuri. Matasa suka taru a bakin ɗakinsa. Wani ya zura hannu a gwangwanin da ke kan tagarsa ya zaro filaya, bakinta baƙi ƙirin.

Sajan ya ratsa su da ƙyar, ya tura Tela ciki, ya jawo Hanci, ya sa sakata.

Tela siriri ne, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Taka ce?" Sajan ya nuna filayar.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Amma a kan taga take kwana. Duk gidan nan ita ake ɗauka, ko sallama ba a yi mini."

"Kun yi faɗa da mamacin."

"Shekara shida muna faɗa. Duk wata sai ya kore ni, da yamma kuma ya aiko mini da shayi. Jiya da safe ma wandonsa ne a kan kekena." Ya nuna. Wandon yana nan, allura a tsaye cikin ƙafarsa.

Hanci ya tsuguna a gabansa. Ya tuna yadda aka yi da shi jiya. "Maigida, da ka ji ƙarar, me ka yi?"

"Na fito a guje. Na ga wuta tana fita ta ƙofar kicin. Ni matsoraci ne, ban iya shiga ba. Sai na zagaya gindin taga na rufe tukunyar. Kai ka taɓa ce mini in an ga wuta a fara da tukunya."

"Kai ka rufe ta? Da hannunka?"

"Da hannuna. Ina rufewa wutar ta faɗi. Injiniya ma ya gan ni, na ce masa na rufe."

"Nuna mini hannuwanka."

Tela ya miƙa su. Tabon allura ne kawai, da alli a ƙarƙashin farce.

* * *

Matar Injiniya tana ɗakinta tare da 'yan'uwanta mata. Da ta ga Hanci ta ja mayafi ta rufe fuska. Sajan ya roƙi sauran su ba su wuri.

"Hajiya, Allah ya ji ƙan Baba," in ji Hanci. "Na san ba kya son ganina. Tambaya uku ce."

Ta gyaɗa kai.

"Jiya da safe kin yi girki?"

"Na dafa wa yara abin kari, na kashe komai, na ja ƙofa saboda kyanwa. Bakwai da rabi na fita kai su makaranta, na biya kasuwa."

"Warin gas ba ya ɓuya. Yaya Baba ya shiga bai ji ba?"

"Baba ba ya jin wari. Tun ciwon da ya yi bara. Ko abinci ya ƙone sai dai ya ga hayaƙi. Mu kaɗai muka sani, ba ya so a faɗa."

"Kina ina aka yi abin?"

"Ina shigowa layin. Na tarar da baban yara ya fito da Baba a hannunsa, ya shimfiɗe shi a tsakar gida. Mutane suka rufu a kansa. Shi kuma ya sake komawa ciki."

"Ya koma yin me?" in ji Sajan.

"Ya ce zai rufe gas. A nan ya ƙona hannunsa." Ta share ido. "Kowa yana ta sa masa albarka."

Hanci ya dubi Sajan. Sajan ya dubi ƙasa. Ita kuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai hannunta ya tsaya cak a kan mayafin, kamar ta ji abin da bakinta ya faɗa.

* * *

Sajan ya tara su a tsakar gida, gaban kicin: Tela, mai gas, matar Injiniya, Injiniya da kawunsa, ƙanin mamacin, wanda ya zo daga nesa. Mutanen unguwa suka cika zaure suna leƙe.

"Mai gyara zai yi magana," in ji Sajan. "Wanda ya katse shi zai kwana a wurina."

Hanci ya miƙe. Leɓensa a kumbure yake, maganar tana fita da ƙyar. Ya faɗi abin da ya gani a jikin sandar, bai ƙara ba, bai rage ba. Da ya ambaci filaya aka fara guna-guni ana duban Tela.

"Tela ya rufe tukunya daga waje," ya ce. "Bai taka cikin kicin ba, mutum goma sun shaida. Wanda ya rufe sandar nan ya shiga ne bayan wuta, ƙarfe yana da zafi. Mutum ɗaya ne ya shiga sau biyu." Ya juya. "Injiniya, da ka koma, me ka je yi?"

"Na faɗa. Gas na je rufewa."

"Tukunyar tana waje. Kai ka sa aka yi mata kejin nan. Tela kuma ya gaya maka ya rufe."

"Hankalina ba ya jikina. Ubana ne kwance a ƙasa."

"Haka ne. Ka kwance bandejin mu gani."

"Kai wane ne da za ka..."

"Ɗana," in ji kawun, a hankali. "Kwance."

Ya ɗauki lokaci yana warwarewa. Hanci ya kama hannun ya juya shi, ba da ƙarfi ba. Ya san ƙuna kamar yadda ya san wari, duk jikinsa ita ce. Harshen wuta bayan hannu yake lasa, ya cinye gashi. Bayan hannun Injiniya lafiya yake. A cikin babban yatsa da manuni ne ƙunar take, siririn layi ja, mai zurfi, kamar an ja zare.

"Wannan ba wuta ba ce," in ji Hanci. "Waya ce mai zafi."

Injiniya ya dubi yatsunsa kamar na wani ne. Sai ya zauna a ƙasa cikin toka.

"Gyara shi na so in yi," ya ce. "Na ji ka ce sai an jira wani ƙarfe, na ce wannan ɗan aikin? Na ce kafin ta dawo daga kasuwa zan kunna mata shi. Na ɗaure, na buɗe, na ƙyasta ya ƙi kamawa. Ashana ta ƙare mini. Na murɗa shi har ya tsaya, na ɗauka ya rufu. Na ja ƙofa na fita kanti, na tsaya hira." Ya ɗago kai. "Wallahi na murɗa har ya tsaya."

"Gefe biyu yake tsayawa," in ji Hanci. "Kai ka kai shi ƙarshen buɗewa."

"Ashana kuma," kawun ya ce, "yayana yana da tasa a aljihu. Kullum."

Matar ba ta yi kuka ba. Ta tako har gaban mijinta. "Jiya da aka tafi kamo mutumin nan, kai ne a gaba. Yau da aka taru a ƙofar Tela, kana zaune kana karɓar gaisuwa. Da sun kashe shi fa?"

Ya kau da kai.

"Ina tambayarka, baban yara. Da sun kashe shi, da ka yi magana?"

"Ban sani ba," ya ce.

Sajan ya ɗaga shi. Mutanen zaure suka dare suka ba su hanya. A cikinsu akwai waɗanda jiya suka sa hannu a jikin Hanci, yanzu kowa ya sami abin kallo a bango.

* * *

Da la'asar aka kira Hanci ofis ya sa hannu a bayaninsa. Sajan ya karanta masa, ya miƙa masa biro.

"Akwai abin da ba ka rubuta ba, Yallaɓai."

"Me?"

"Ƙa'idar aikina, in na sami oben da ya lalace, toshe bututunsa nake yi daga baya da murfin ƙarfe. Ranar ban zo da murfin ba. Da na bi ƙa'ida, da na cire tiyon gaba ɗaya na ce kada a yi girki sai na dawo. Na dubi yara uku da tsoho, na ce ina za su ci abinci? Sai na zare makunni kawai. Na ga Injiniya a bakin ƙofa yana murmushi, na kuma san halinsa."

"Doka ba za ta kama ka da wannan ba."

"Na sani. Rubuta dai."

Sajan ya jawo takardar ya ƙara layi uku.

A waje ya tarar da matar Injiniya zaune a kan benci, da kwanon abinci a cinya, tana jiran a ba ta izinin shiga. Ya so ya wuce, ta kira shi.

"Malam. Yara suna tambayata abin da ya sami kakansu. Gobe kuma za su tambayi ina babansu. Me zan ce musu?"

Hanci ya tsaya. Shekara ashirin da biyu mata suna yi masa tambaya a ƙofar kicin, kullum yana da amsa.

"Hajiya, ni abin da ƙarfe ya nuna kawai na iya faɗa."

"Shi ke nan," ta ce. "Ni ma shi zan faɗa musu."

Ɗan sanda ya leƙo ya ce ta shigo. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin kwanon, ta shiga wurin mijinta.